Yatsan Malam Washi

A hukumar ruwa ta garin, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, akwai ɗakin ajiyar tsofaffin fayil-fayil. Mutumin da ke kula da shi kowa Malam Washi yake ce masa. Shekararsa ashirin da takwas a wannan ɗaki, saura biyu ya yi ritaya. Ba ya latti, ba ya gulma, bai taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: wasa wuƙa.

Ba wuƙar mahauta ba, ba kuma ta kicin ba. 'Yan ƙananan nan na aljihu, masu naɗewa, waɗanda ake buɗewa da farce. Ta farkon a durowar tebur ya tarar da ita, wanda ya riƙe ɗakin kafinsa ne ya manta da ita. Duk ta yi tsatsa, bakinta ya dakushe har ko igiyar ɗaure fayil ba ta iya yankewa. Ya tafi da ita gida da niyyar ya ɗan goga ta a dutse ya dawo da ita washegari. Wuƙar ba ta sake ganin ofis ba, igiya kuwa ya ci gaba da tsinka ta da haƙori.

Yanzu arba'in da bakwai gare shi, kowace a gurbinta cikin wani akwatin katako. Kullum in ya taso daga aiki sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin ƙofar ɗaki, ya jiƙa duwatsunsa uku a roba: mai kaushi, da matsakaici, da wani mai santsi kamar bayan cokali. Ya rataye tsohon bel ɗinsa na fata a ƙusa. Daga nan sai ka ji shuu, shuu, shuu, har rana ta faɗi. Ko gobara aka yi a maƙwabta sai dai a ba shi labari.

Wanda tsautsayi ya sa ya tambaye shi me yake yi haka, to ya bar duk abin da ya fito yi. Malam Washi zai zaunar da shi ya yi masa karatun leɓe. Cewa yake yi wuƙa tana da baki, kuma duk baki yana da leɓe. In ka goga gefe ɗaya a dutse, ƙarfen yana ta sirancewa har ya lanƙwashe ya leƙa ɗaya gefen, siriri ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Shi ne leɓen. Wuƙa mai leɓe maƙaryaciya ce: za ta yi maka yanka ɗaya mai ban sha'awa, a na biyu leɓen ya kwanta, ta koma gidan jiya. Gwaninta ba a fito da leɓe take ba, kowane gaula zai iya. Gwaninta a cire shi take, ana sassauta hannu, gefe ɗaya sau ɗaya, ɗayan sau ɗaya, har nauyin wuƙar kaɗai ya rage a kan dutse, sannan a ƙarasa a jikin fata. Kuma ba a gane ya fita sai da babban yatsa. Shi ke danne wuƙa a kan dutse, shi ke shafa baki yana neman leɓe, ya sha ruwan dutse ya sha kaushinsa.

Abin haushin shi ne, duk wuƙaƙen nan ba wadda ta taɓa yanka komai. A ganinsa wuƙar da ta yanka abu ta ɓaci. Lemo da farce yake ɓare shi, ambulan da yatsa yake farke ta, alhali ga wuƙa biyu a aljihu. Abu ɗaya ya yarda ya gwada su a kai, wato gashi. Ya fara da hannunsa na hagu har ya koma sumul kamar na jariri, ya koma na dama, ya gangara ƙwauri. Da nasa ya ƙare sai ya fara kallon na jama'a. Zai tare ka a bakin ƙofa da fara'a, ya tambayi iyali, idonsa na kan damtsenka. Cikin shekara biyu duk magidantan layin suka koma sa riga mai dogon hannu, ko ana zafi kamar me.

Matarsa ɗinki take yi a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, shi ya sa yake tsokanarta da Tela. 'Ya'yansu uku duk sun girma sun kama gabansu. Ta daɗe da daina yi masa magana a kan wuƙaƙen. Takan ce wa masu kawo ɗinki, gara nata, ta san inda yake kullum, kuma tana jin ƙararsa.

Ana nan sai aka kawo na'urar dangwale ofis. Aka kafa ta a bango kusa da ƙofar shiga, kowa ya yi rajistar babban yatsansa na dama. In ka zo da safe ka ɗora yatsa, ta kawo kore, wata muryar mace ta ce, “Na gode.” Shekara guda cur tana gode wa Malam Washi. Sai ya sayi wani sabon dutse mai kaushin gaske, ya duƙufa a kansa wata biyu. Wata Litinin ya ɗora yatsa, na'ura ta kawo ja, ta ce, “Sake gwadawa.” Ya goge a riga, ya sake. Ya hura masa iska, ya sake. Ya lasa, ya sake. Layi ya taru a bayansa har bakin titi. Da ya ɗaga yatsan ya duba a haske sai ya ga ba ko zane ɗaya, ya yi sumul yana ƙyalli kamar ƙwai.

Sati uku ana rubuta masa bai zo aiki ba, yana zaune a ɗakinsa yana jera fayil. A na huɗu Oga ya aiko a kira shi.

“Malam Washi, takarda ta zo daga hedikwata. Ranar ƙarshen watan gobe mai na'ura za ta zo tantancewa. Duk wanda na'ura ba ta gane ba, ma'aikacin bogi ne, za a cire sunansa.”

“Ranka ya daɗe, ai ga ni.”

“Na gan ka. Ni na san kana nan, tun ina ƙaramin ma'aikaci nake ganinka. Amma ba ni aka tambaya ba.”

“To a sake yi mini rajista mana, da wani yatsan.”

“Ana yi,” in ji Oga, yana duba takardar. “Amma sai mutum ya fara dangwalawa na'ura ta tabbatar shi ne.”

Ya miƙa masa fom ya ce ya cike, ko Allah zai sa a duba. A inda aka ce a faɗi dalilin lalacewar yatsa, Malam Washi ya rubuta gaskiyarsa: wasa wuƙa. Oga ya karanta, ya zare tabarau.

“Haba Malam! Da furfurarka? Wasa da wuƙa?”

“Ranka ya daɗe, duba da kyau, ba ‘da’ a ciki. Wasawa nake yi, ba wasa ba. Washi.”

“To ai duk wasa ne.”

Mai buga takardu, da yake mutum ne mai son gyara, ya ɗauka mantuwa Malam ya yi, ya cusa masa “da” ɗin. Bayan kwana goma amsa ta dawo daga hedikwata. Ba su ce komai a kan yatsa ba, sai dai sanarwa da aka manna a kowane bene, ana jan kunnen ma'aikata, musamman dattawa, su daina wasa da abubuwa masu kaifi. Wannan ya fi barazanar korar ƙona masa rai. Shekara ashirin da takwas yana yi wa ƙarfe hidima, a ce wai wasa yake yi!

Amma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba aikin kaɗai ba. Shi ne mutumin da ya san inda takardar kowane famfo na garin take, yau ga shi za a rubuta cewa bai taɓa wanzuwa ba. Da ya koma gida ya kasa cin abinci, ya zayyana wa Tela komai. Ta ajiye rigar da take yi wa kalmasa, ta kamo yatsan ta jujjuya shi kamar mai sayen kifi.

“Fata ce, tana tofowa,” ta ce. “Sati biyar muke da su. Ba ni makullin akwatin.”

“Tela, ko ɗaya ki bar mini. Kallo kawai zan riƙa yi.”

“Malam, makulli.”

Ta kulle akwatin da duwatsun da bel ɗin a kabad ɗin yaduddukanta, ta rataya makullin a wuya. Safe da yamma tana shafa wa yatsan mai. Don kada ya gogu da komai, ta ɗinka masa 'yar hula da ragowar yadi, har da soso a ciki da igiyar ɗaurewa a wuyan hannu. Ta ce kada ya kuskura ya lanƙwasa shi.

Haka Malam Washi ya shiga gari da babban yatsa a tsaye, sanye da hula mai furanni. In ya tsaya a bakin titi motocin haya uku za su taka birki a lokaci guda. A taron ma'aikata Oga ya kawo shawarar a riƙa zuwa aiki ranar Asabar, kowa ya sunkuyar da kai, Oga ya waiga ya ga yatsan Malam a sama, ya ce madalla, ga dattijo ya goyi baya. Sati guda ba wanda ya amsa gaisuwarsa a baranda.

A gida kuwa abin ba a cewa komai. Lokacin washi na yi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje. Maƙwabta sun samu labari, sun fito da rigunansu masu gajeren hannu, gashi ya tofo musu baƙi ƙirin, suna wucewa ta ƙofarsa suna miƙa da gangan. Ran nan Tela ta kama shi a bayan gida yana goga cokali a dakali da hannun hagu. Ta karɓe cokalin. Daga ranar, da hannu yake cin abinci, da yatsu huɗu.

A sati na uku zane ya fara fitowa, siriri-siriri. Tare da shi wani abu ya dawo wanda bai san ya tafi ba. Ya cire hular zai wanke hannu, yatsan ya taɓa kofin shayinsa, sai ya ji ashe bakin kofin a ɓantare yake. Shekara nawa yana shan shayi a ciki! A ofis ya riƙa zare hular a ɓoye yana taɓa abubuwa. Teburinsa ashe wani ya taɓa karce shi da biro. Takardun da can suna da kauri da ɗan gashi-gashi, na yanzu santsi ne kawai. Ya ji kamar an buɗe masa taga a ɗakin da ya daɗe yana zaune.

Wata yamma Tela tana shafa masa mai, yatsan ya zame ya sauka a gindin nata babban yatsan. Ya ji wani abu mai tauri, mai kaushi, kamar busasshen ɓawon lemo.

“Mene ne wannan?”

“Kanta ce.”

“Tun yaushe?”

“Tun ina goyon auta. Almakashi ne. In ya dakushe sai an danna da ƙarfi.”

Ta faɗa ne kawai, ba da wata manufa ba, ta ci gaba da shafa mai. Shi kuwa kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido. Wuƙa arba'in da bakwai a gidan, kowace tana aske gashi a iska, matar gidan kuma tana kokawa da dakusasshen almakashi fiye da shekara ashirin. Ta taɓa kawo masa shi, ya tuna, tun da daɗewa. Ya ce mata abin da za a yi aiki da shi ba ya ɓata dutsensa a kai.

Bai ba ta haƙuri ba, bai iya irin wannan magana ba. Amma daga ranar, in ta gama shafa mai, sai ya ce yatsan yana bukatar motsa jiki, ya riƙe hannunta yana bin tafin a hankali. Ya gano inda allura ta sha sokewa, da wani tsohon tabon ƙuna na dutsen guga, da wani wuri mai laushi a tsakiya wanda aiki bai kai gare shi ba. Ta san ba wani motsa jiki, ta ƙyale shi. Lokacin da a da ake jin shuu, shuu, yanzu shiru ake ji a gidan, har wata maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ranar tantancewa Tela ta ce ƙafarta ƙafarsa, sai ta ga sakamakon aikinta. Mai na'ura wata mata ce mai saurin magana, ta kafa kwamfutarta a tebur kusa da ƙofa, ta sanar cewa ƙarfe huɗu za ta rufe. Sai ƙarfe biyu layi ya zo kansa. Ya kwance igiya, ya zare hula. Yatsa ya fito ɓul-ɓul, zane raɗau, kowane layi a wurinsa. Har masinja sai da ya ce masha Allah. Ya ɗora shi a kan gilashin.

“Sake gwadawa.”

Ya sake. Ja. Ya sake. Ja. Gumi ya karyo masa.

“Baba, tsaya in duba,” in ji mai na'ura. Ta danna nan, ta danna can, ta juyo masa da kwamfutar. “Ga yatsan da ka yi rajista da shi.”

Hoton ya cika fuskar kwamfutar. Tsakiyarsa fari fat, kamar an goge allo, sai 'yan layuka a gefe-gefe da wani guntun zane a sama. Ashe ranar da aka yi rajista yatsan ya riga ya ci rabi. Shi na'ura ta sani, shi ta yi shekara tana gode wa.

“Wannan ne kai,” ta ce. “Wanda ka zo da shi yau kyakkyawa ne, amma ba mu san mai shi ba.”

“'Yata, ai nawa ne. Da shi aka haife ni.”

“Ban musa ba, Baba. Amma ba ni aka tambaya ba.”

Oga ya dubi silin. Ma'aikata suka yi cirko-cirko. Malam Washi ya matsa kusa da hoton yana kallonsa, ya karkata kai, irin kallon da yake yi wa bakin wuƙa a hasken rana. Ya dubi yatsansa, ya sake duban hoton. Aikin a fili yake: a cire tsakiya, a bar gefe, a bar guntun nan na sama. In an zarce kaɗan ya koma ƙwai, in an gaza na'ura ta ƙi. A duk garin mutum ɗaya ne zai iya wannan aiki, amma gida da nisa, kuma saura awa biyu babu kaɗan.

Tela ta buɗe jakarta ta fito da wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Dutsen nan ne mai santsi.

“Na zo da shi ne in ba ka in ka ci tantancewar,” ta ce. “Na ga ka wahala.”

Masinja ya kawo ruwa a kofi. Malam Washi ya jiƙa dutsen, ya ɗora shi a gefen teburin mai na'ura, ya gyara zama. Sai ya tsaya. Ya san abin da zai goge, ba zane kaɗai ba ne. Ransa ya yi masa ɗaci ƙwarai, har ya ji da ma a cire sunan a huta. Ya dubi Tela, ta gyaɗa masa kai.

Shuu, shuu. Goga uku, ya ɗauraye, ya duba hoto, ya dangwala. Ja. Goga biyu, ya ɗan karkata hagu. Ja. Ma'aikata suka kewaye shi, waɗanda ko fensir ba su iya feƙewa ba suna ba da shawara: a ƙara ta sama, a'a ta ƙasa, Malam ka danna mana! Bai ji su ba. Yana ta sassauta hannu, yana sassautawa, har ya zama nauyin yatsan kaɗai ke kan dutse. Ƙarfe huɗu saura kwata ya nemi fata. Oga da kansa ya kwance bel ɗinsa ya miƙa, ya tsaya riƙe da wando. Malam ya ja yatsan a jikin fatar sau biyu, ya hura, ya ɗora a gilashi.

“Na gode.”

Baranda ta kaure da tafi. Mai na'ura ta sa masa alama a gaban sunansa, tana naɗe wayoyinta.

“Baba, ka riƙe shi a haka har ka yi ritaya. Kada ya ƙaru, kada ya ragu. In ya tofo za mu koma inda muka fito.”

Ya ce to. Ya naɗe dutsen a ƙyallensa, ya ce wa Tela ta zo ta ga ɗakin da yake aiki, tunda ba ta taɓa shiga ba. Suka wuce karyayyun kujeru, ya tura ƙofa. Ta tsaya tana kallon kantoci har rufi, fayil a kan fayil, kowane da igiyarsa mai alamar haƙori. Shi kuwa ya kamo hannunta, ya ɗora babban yatsan a gindin nata. Ya shafa. Ya danna. Kamar ta cikin bargo yake taɓa ta.

“Tana nan?” ya tambaya.

“Wa?”

“Kantar.”

“Ina za ta? Tana nan.”

“Ba na jin ta, Tela.” Ya sake shafawa. “Shekara biyu kuma.”

Ta dube shi, dattijo mai furfura da sumul ɗin hannu, idonsa ya ciko a kan kantar hannu. Ta yi ɗan tsaki, irin wanda take yi in mai kawo ɗinki ya kasa gane gaban riga da bayanta.

“Malam, sauran taran ado ne?”

Ta kama ƙaramin yatsansa, wanda bai taɓa dafa dutse ba tun da aka haife shi, ta ɗora a wurin. Kaushin ya ratsa shi har gwiwar hannu. Ya saki baki. A shekara ashirin da takwas bai taɓa kawo wa ransa cewa ana jin abu da wani yatsa ba.

Masinja ya ƙwanƙwasa ya ce za a kulle baranda. Malam Washi ya ce a ba shi minti biyar, bai gama dubawa ba.